Kowane falle da agogonsa: yadda ake tsayar da zane mai motsi a ci gaba da shi ba tare da ya yi tsalle ba

A ce wani mai kilishi a Yamai ya ba ka aikin manhajar kai saƙo gida-gida. Yana so da an buɗe ta a ga ɗan kabu-kabu yana ƙetare gadar Kennedy, tayoyin babur suna juyawa, can daga baya sunan shago ya fito. Ka zana, ka sa motsi, komai ya yi kyau. Sai aka ce a ƙara maɓallin dakatarwa. Ka danna, babur ya tsaya cak, taya kuwa tana ta juyawa abinta. Ka sake dannawa, babur ya ɓace daga tsakiyar gada ya bayyana a Harobanda. Duk waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne: an ɗauka agogo ɗaya ke tafiyar da zanen, alhali kowane falle, wato kowane ɓangaren zane mai zaman kansa kamar babur ko taya, yana da nasa, kuma daga agogon uwarsa, fallen da ke ɗauke da shi, ake lissafo shi.

Za mu fara da Core Animation, tsarin motsa zane da Apple ya fito da shi a 2007 tare da Mac OS X Leopard da iPhone na farko, domin a can ne lissafin ya fito fili ba a ɓoye shi ba. Wanda ya gane shi a can, Android da burauza da After Effects, manhajar haɗa zane mai motsi, ba za su ba shi wahala ba.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Zanenmu yana da fallaye masu hawa uku. Dandali shi ne uwa, a kansa aka zana kogin Isa da gadar. Cikin dandali akwai fallen babur. Cikin fallen babur akwai fallen taya. Kowannensu yana ɗauke da lambobi uku: `beginTime`, wato mafari, lokacin da falle zai soma ƙirga a bisa agogon uwarsa; `speed`, saurinsa; da `timeOffset`, ƙarin da ake ɗora wa sakamakon. Ga yadda ake haɗa su:

lokacin falle = (lokacin uwa − mafari) × sauri + ƙari

Mu sa lambobi. Agogon dandali ya kai sakan 5. Mafarin babur 1 ne, saurinsa 0.5, babu ƙari. Cire 1 daga 5, saura 4, rabinsa 2. To a wurin babur yanzu sakan 2 ne. Taya kuma ba ta san da dandali ba, babur kaɗai take kallo. Idan mafarinta sifili ne, saurinta 2, lokacinta ya zama 4.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe a nan. Sauri ninkawa yake yi daga sama zuwa ƙasa: rabi sau biyu ɗaya ne, don haka tayar da ka ba saurin 2 tana juyawa ne da saurin agogon bango. Na biyun ya fi kayar da mutane. Jinkiri da agogon uwa ake auna shi. Idan ka ce taya ta jira sakan 1 kafin ta soma, alhali babur yana tafiya da rabin sauri, mai kallo zai jira sakan 2 cur. Lissafi ne ya ba da haka, ba kuskuren waya ba.

Bayan an samu lokacin falle, sai mataki na biyu: a ina motsin yake a wannan lokaci? Shi ma motsin yana da waɗancan lambobi uku, sannan yana da tsawo, `duration`. Idan tafiyar babur sakan 4 ce, kuma agogonsa na kan 2, to ya yi rabin tafiya. In faɗin allo ɗigo 360 ne, yana kan ɗigo 180. Amma wannan in tafiyar bai ɗaya ce. Da salon da ke farawa a hankali ya ƙare a hankali, `easeInEaseOut`, lokacin da aka ci rubu'in lokaci babur bai ci rubu'in hanya ba, wajen kashi 13 cikin ɗari kawai ya ci, ɗigo 46 ke nan maimakon 90. Shi ya sa wanda ya yi ƙoƙarin gano lokaci daga wurin da abu yake a allo yakan samu amsar banza. Lokaci ake tambaya, shi zai ba da wuri.

Maimaici ma yana shiga tsawon. Motsi na sakan 4 da aka ce ya je ya dawo, `autoreverses`, ya zama 8. A maimaita shi sau 3, ya zama 24. A ninka sauri, ya koma 12. Idan ba ka sa tsawo ba sam, Core Animation zai ba shi rubu'in sakan, 0.25. Kada kuma ka sa `repeatCount` da `repeatDuration` tare, Apple da kansa ya ce ba a ƙayyade abin da zai faru ba. Zaɓi ɗaya.

Dakatarwa da ci gaba

Agogon da ke can ƙoli, wanda `CACurrentMediaTime` ke bayarwa, ba ya tsayawa don kai. Yana ƙirga sakan tun daga kunna na'ura. Abin da ake yi shi ne a yanke alaƙar falle da shi, ta hanyar mayar da sauri sifili. Duba lissafin: komai aka ninka da sifili ya tafi, ƙari kaɗai ya rage. Ke nan duk abin da ka zuba a ƙari, nan falle zai daskare.

```
let yanzu = dandali.convertTime(CACurrentMediaTime(), from: nil)
dandali.speed = 0
dandali.timeOffset = yanzu
```

Tsarin layukan yana da muhimmanci. Dole ka karanta lokaci kafin ka taɓa sauri. In ka fara da sifili sannan ka karanta, abin da za ka samu tsohon ƙari ne, yawanci sifili, kuma zanen zai ɓace ko ya koma yadda yake kafin motsi, domin ka mayar da agogonsa lokacin da motsin bai ma fara ba.

Lura kuma da fallen da aka tsayar: dandali, ba babur ba, ba taya ba. Uwa ta tsaya, ƴaƴa da jikoki sun tsaya tare, ko guda nawa ne. Wannan ita ce babbar ribar jera fallaye cikin juna, kuma tun wajen tsara zane ya kamata a yi tunaninta. Duk abubuwan da za a so tsayar da su tare, a sa su ƙarƙashin uwa ɗaya.

Ci gaba ya fi dakatarwa sarƙaƙiya. A ce ka tsayar a sakan 1003, mutum ya amsa sallama ya dawo ya danna a 1010. In ka mayar da sauri 1 kawai ka share ƙari, agogon falle zai karanta 1010, sakan 7 sun wuce ba a gani ba, babur ya riga ya isa ƙetare. In kuma ka mayar da sauri 1 ka manta da ƙarin, zai karanta 1010 da 1003 a haɗe, 2013, duk motsin ya daɗe da ƙarewa. Gyaran shi ne a tura mafari gaba da daidai tsawon hutun:

```
let indaAkaTsaya = dandali.timeOffset
dandali.speed = 1
dandali.timeOffset = 0
dandali.beginTime = 0
let rata = dandali.convertTime(CACurrentMediaTime(), from: nil) - indaAkaTsaya
dandali.beginTime = rata
```

Rata ta zama 7. Cire 7 daga 1010, mun dawo 1003, inda aka tsaya. Layin da ke mayar da mafari sifili kafin lissafi kamar ba shi da aiki, shi ya sa wasu ke share shi. Dakatarwa ta farko za ta yi daidai ko babu shi. A ta biyu ne tsohuwar rata za ta shiga cikin sabuwa, zanen ya yi tsalle, a rasa daga ina abin ya fito.

Wannan hanya ta falle mai saurin 1 ce. Idan saurin ba 1 ba ne, ko kana so ka sauya sauri ana tsakiyar tafiya, akwai wadda ta fi ta kuma mu ita muke ba da shawara: karanta lokacin falle na yanzu ka zuba a ƙari, karanta lokacin uwarsa na yanzu ka zuba a mafari, sannan ka sa sabon sauri. A wannan ƙiftawa abin da ke cikin bakan lissafinmu, wato lokacin uwa − mafari, sifili ne, don haka falle yana nan inda yake, daga nan kuma ya ci gaba da sabon saurin. Sauya sauri shi kaɗai ba tare da wannan ba yana ninka duk lokacin da ya riga ya wuce, tsallen kuwa ba ƙarami ba ne.

Da zarar ka taɓa dakatar da falle, agogonsa ya bar daidai da na ƙoli har abada. Duk sabon motsin da za ka ƙara masa da jinkiri, ka lissafa mafarinsa daga lokacin fallen, ta `convertTime`. In ka ɗauko lokacin ƙoli kai tsaye, sunan shagon da ya kamata ya fito bayan rabin sakan zai fito bayan sakan 7 da rabi.

Jan zane da yatsa

Wani lokaci ana so motsi ya bi yatsa, mutum ya ja gaba ya ja baya. Dabarar ɗaya ce. Sa sauri sifili da ƙari sifili, ɗora motsin, sannan duk sanda yatsa ya motsa ka zuba sabuwar lamba a ƙari, daga sifili zuwa tsawon motsin. Yatsa ya ci kashi 60 cikin ɗari na hanya, tsawo sakan 4, ƙari ya zama 2.4. Tarkon yana ƙarshe: da lamba ta taɓa 4 cif, tsarin zai ɗauka motsi ya ƙare ya cire shi, mutum ya ja baya babu abin da ya biyo shi. Ko dai ka kashe `isRemovedOnCompletion`, ko ka tsayar da lambar ƙasa kaɗan da tsawon, kamar 3.999. Tun iOS 10, a 2016, `UIViewPropertyAnimator` yana yin wannan aiki ta `fractionComplete`, kuma ga motsi mai sauƙi ya wadatar.

Ƙari a jikin motsi kansa ba kamar ƙari a jikin falle ba ne. Motsi na sakan 4 da aka ba ƙarin 1 zai fara daga rubu'in hanya, ya kai ƙarshe, ya zagayo farko, ya ƙare a inda ya soma. Tsawonsa bai ragu ba. Yana da amfani ga abubuwa masu maimaici da ba ka so su tafi tare, kamar igiyoyin ruwa uku a kan kogi: motsi ɗaya, ƙari dabam-dabam.

Kafin farawa da bayan ƙarewa

Ga abin da ke ɗaure wa kowa kai a karon farko. Babur ya ƙetare gada lafiya, motsi ya ƙare, sai ga shi ya dawo inda ya taso. Dalili shi ne falle yana da fuska biyu: wurin da aka rubuta masa, da wurin da ake nuna shi a wannan ƙiftawa, wanda `presentation()` ke bayarwa. Motsi fuskar nuni kaɗai yake taɓawa. Da ya ƙare aka cire shi, sai rubutaccen wuri ya dawo.

Mutane da yawa suna magance wannan da `fillMode` na `forwards` tare da hana cire motsin. Ido zai gamsu, amma ba mu son wannan gyara ga duk abin da za a taɓa. Maɓallin "yi oda" zai bayyana a dama, alhali wurin da yake jin yatsa yana hagu inda aka rubuta masa. Gyara na gaskiya shi ne ka rubuta wa falle wurin ƙarshe, sannan ka ɗora motsin da ke tasowa daga tsohon wuri. Sai dai wannan yana haifar da wata ƙaramar matsala idan akwai jinkiri: a lokacin jira, sunan shago zai bayyana ɓaro-ɓaro, ya ɓace, sannan ya soma fitowa a hankali. Nan ne `backwards` ke da aiki, yana riƙe falle a yanayin farko har mafari ya zo.

Idan ka tara motsi da yawa cikin `CAAnimationGroup`, mafarin kowanne daga farkon ƙungiyar ake auna shi, kuma tsawon ƙungiyar yanka yake yi, ba ya matse su. Ƙungiya mai sakan 2 da ke ɗauke da motsi mai sakan 4 za ta nuna rabinsa ta tsaya. In ka manta ba ka ba ƙungiyar tsawo ba, rubu'in sakan za ka gani.

Kira ya shigo, ko mutum ya leƙa WhatsApp ya dawo: motsin da aka bari a kan tsarin cirewa yakan ɓace idan manhaja ta koma baya. Ajiye inda aka kai kafin fita, ka sake ɗorawa daga nan.

A kan Android da burauza

Wayoyin da ke hannun masu sayen kilishin nan yawancinsu Tecno ne da Itel da Infinix, don haka wannan sashe ba na wucewa ba ne. A Android babu agogo a jikin kowane falle. Tsayar da uwa ba ya tsayar da ɗa. Kai ne za ka gina jeren, ka tara motsin babur da na taya da na rubutu cikin `AnimatorSet` ɗaya, ka riƙa kiran `pause()` da `resume()` a kanta. Waɗannan biyun sun shigo da Android 4.4 a 2013. Tura ƙungiya zuwa wani lokaci da `setCurrentPlayTime`, ko juya ta baya, sai daga Android 8.0 na 2017. Tayar da ta ƙi tsayawa a farkon bayanin nan, kusan kullum an tayar da ita ne a gefe ba a sa ta cikin ƙungiyar ba.

Tsawo a nan da milisakan ake ba shi, in ba ka faɗa ba 300 ne. Akwai kuma bambanci mai cizo da abin da muka gani a baya: ba `AnimatorSet` tsawo yana maye gurbin tsawon kowane ɗa a cikinta. Ka ce 2000, to babur 2000, rubutu 2000, kowa da kowa. Sannan mai waya yana iya kashe motsi gaba ɗaya daga saiti, motsinka ya tsallaka ƙarshe nan take. Kada wani aiki na gaske, kamar ɗauko farashi daga intanet, ya dogara da cewa motsi zai ɗauki lokaci.

A burauza, `element.animate()` yana dawo maka da abin riƙo mai `currentTime`, `startTime` da `playbackRate`, dangantakarsu kuma ita ce lissafinmu na farko. Nan ma babu gadon lokaci daga uwa zuwa ɗa. Kira `getAnimations` a kan uwar da zaɓin `subtree`, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tsayar. In kana so biyu su tafi kafaɗa da kafaɗa, ba su `startTime` ɗaya. Wajen sauya sauri ana tafiya, `updatePlaybackRate` ya fi santsi. Motsi marar iyaka irin na taya ba ya karɓar `finish()`, kuskure zai jefo maka, tunda ba shi da ƙarshen da za a kai shi. Salon tafiya ma ya bambanta: a CSS in ba ka zaɓa ba `ease` ne, a `animate()` kuwa tafiya bai ɗaya ce, shi ya sa motsin da aka kwaso daga ɗaya zuwa ɗaya yakan bushe.

Idan zanen daga After Effects ya fito

Sau da yawa mai zane dabam, mai rubuta manhaja dabam, abin da ke haɗa su fayil ɗin Lottie ne, laburaren da Airbnb ya saki a 2017. Fayil ɗin rubutu ne na JSON, bai kai nauyin bidiyo ba, wanda ke sayen megabait da kuɗinsa kuwa ya san amfanin haka. A ciki `fr` shi ne hoto nawa a sakan, `ip` da `op` farko da ƙarshe, `st` mafarin falle, `sr` miƙewarsa. Haɗin da aka cusa cikin wani haɗi shi ne uwa da ɗa. Miƙewa kishiyar sauri ce: kashi 200 cikin ɗari yana nufin rabin sauri.

Mai zanen da ya saba da aikin talabijin, kamar na Télé Sahel, da hoto 25 a sakan yake tunani, wayoyi kuma yawanci 30 suke ɗauka. In ya ce "rubutu ya fito a hoto na 75", a wurinsa sakan 3 ne, a wurin mai 30 sakan 2.5. Ku yi magana da sakan, ko ku duba `fr` kafin komai. A lottie-web, wato Lottie na burauza, `goToAndStop` yana ɗaukar lambar a matsayin milisakan sai in ka gaya masa hoto kake nufi. Juyin tayar da aka yi da ɗan rubutun umarni a After Effects kuma yana iya aiki a burauza ya ƙi a Android. A mayar da shi maɓallan motsi na zahiri, wato keyframes, kafin a fitar da fayil.

Kada ka ƙirga hotuna

In kai ke tura motsi da hannunka, ta `requestAnimationFrame` ko `Choreographer`, kada ka ce kowane hoto babur ya matsa ɗigo 2. Allo mai bugu 60 a sakan yana ba da hoto duk milisakan 16.7, mai 90 duk 11.1, mai 120 duk 8.3. Babur ɗaya zai yi gudu ninki biyu a wata waya. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu a Yamai, sama da digiri 40: waya ta ɗau zafi sai ta rage ƙarfin injinta, hotuna su riƙa zubewa, motsin da aka ɗaura da ƙirgar hoto ya koma jan ciki. Ɗauki lokacin da tsarin ya miƙo maka, ka cire mafari, ka ninka da sauri, ka ƙara ƙari, ka zana abin da ya dace da wannan lokaci. Hoto ya zube ko bai zube ba, babur zai isa a sakan 4.

Agogon kalanda bai dace da wannan aiki ba, domin rezo yana iya gyara shi ana tsakiyar motsi. Yi amfani da wanda ba ya komawa baya, kamar `performance.now()`. Idan shafi ya ɓuya burauza tana daina kiran ka, ratar da za ka samu bayan dawowa tana iya kai mintuna, sai ka ɗauke ta a matsayin hutu ka tura mafari gaba kamar yadda muka yi a sama. Motsa wuri da `transform` da haske da `opacity` gwargwadon iko, sun fi sauya faɗi da tsayi sauƙi ga ƙaramar waya.

Wajen gwaji, rage gudu ka kalla da kyau. A Android danna lambar ginin tsarin sau 7 a cikin saiti, zaɓin masu haɓakawa zai buɗe, ka sa ma'aunin tsawon motsi a kan ninki 5 ko 10, sannan ka gwada shi a kashe. A iPhone ba fallen taga, wato uwar sauran fallayen manhajar, saurin 0.1, duk abin da ke ƙarƙashinsa zai bi. Chrome yana da sashen motsi a kayan aikinsa mai rage gudu zuwa kashi 25 ko 10 cikin ɗari. Dakatar ka ci gaba sau uku a jere, ba sau ɗaya ba. Dakatar a lokacin jinkiri kafin rubutu ya fito. Dakatar, fita daga manhaja, juya waya, ka dawo. Sannan ka nemi Itel mafi araha da za ka samu, ka maimaita duka da rana tsaka tana kan caji.